Gani Ya Kori Ji, Gardama Kuwa Tana Nan

Daren Laraba ne, 7 ga Fabrairun 2024, hunturu bai gama sakin Kano ba. Gidan kallon da nake zuwa rumfar kwano ce mai bencina goma sha biyu da talabijin biyu, kuma a daren nan babu masaka tsinke. Najeriya da Afirka ta Kudu ke wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Nahiyar Afirka a birnin Bouaké na ƙasar Kwaddibuwa. Muna gaba da ci ɗaya, fenaretin da kyaftin William Troost-Ekong ya buga. Saura minti biyar a tashi, Ademola Lookman ya ɗebo ƙwallo a guje, ya miƙa wa Bright Osayi-Samuel, shi kuma ya shimfiɗa ta a bakin raga, Victor Osimhen ya dungura ta ciki.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Benci biyu suka kife. Wani ya rungume ni, har yau ban san ko wane ne ba. Mai rake na bakin ƙofa ya bar baronsa ya faɗo ciki yana ihu, yara kuwa tuni sun fita titi suna dukan galan. Mai gidan kallon ne kaɗai bai motsa ba. Yana tsaye a jikin talabijin da rimot a hannu, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a ku dakata, rafari ya sa hannu a kunne."

Alƙalin wasan, Amin Omar ɗan Masar, ya zana akwati da yatsunsa, ya ruga gefen fili. Muka zuba ido mu ga ko Osimhen ne ya yi satar gida. Ashe maganar ba ta ma wannan ɓangaren ba ce. Can ɗaya ƙarshen filin aka koma, daƙiƙoƙi kafin ƙwallon, inda ƙafar Alhassan Yusuf, ɗan Kano, ɗanmu na gida, ta sami ƙafar Percy Tau a cikin da'irar Najeriya. Aka soke ƙwallon Osimhen, aka ba Afirka ta Kudu fenareti, Teboho Mokoena ya farke. Cikin mintoci ƙalilan biyu da nema ta koma kunnen doki.

Rumfar ta yi tsit har ana jin ƙarar janareta. Da aka sake nuno abin a hankali, wani dattijo a bayana ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Wallahi ya taɓa shi." Babu wanda ya yi masa musu. Hukuncin daidai ne, kowa ya gani da idonsa, amma kowa ya ji kamar an sa hannu a aljihunsa. Daga baya Stanley Nwabali ya tare biyu a bugun fenareti, Najeriya ta wuce, aka manta. Ni dai ban manta da shirun nan ba, domin duk gardamar da duniya take yi a kan VAR tana cikinsa.

Kafafen yaɗa labaranmu sun saba cewa "na'urar VAR", kuma sunan ya bi bakin kowa. Sai dai yana da ɗan ruɗi. Harafin ƙarshe na sunan nan alƙalin wasa yake nufi, wato mutum. Wani rafari ne zaune a ɗaki gaban alluna, da mataimakinsa, da mai juya masa hotuna, suna kallon wasan ta kyamarori masu yawa, suna magana da alƙalin fili ta abin da ke kunnensa. A Ingila ɗakin yana Stockley Park a yammacin Landan, a Jamus kuma an fara kafa shi a birnin Kolon. Da aka kawo tsarin, doka ta ba su ikon sa baki a abubuwa huɗu kacal: ƙwallon da ta shiga raga da abin da ya kai ga cin ta, fenareti, jan kati na kai tsaye, da kuma hukunta ɗan wasan da ba shi ya yi laifi ba. Ko a nan ma sai in kuskuren ya fito ƙarara, ko kuma wani babban abu ya wuce alƙali bai gani ba. Hukuncin ƙarshe na mai usur ne.

Ƙasar Holan ce ta fara gwada tsarin. Majalisar IFAB, wadda ke riƙe da dokokin ƙwallo tun 1886, ta amince a yi gwaji a Maris 2016, sannan ta shigar da shi cikin doka a ranar 3 ga Maris 2018. Italiya da Jamus sun riga kowa a cikin manyan gasannin Turai, a kakar 2017/18, Sifaniya ta biyo baya, Firimiyar Ingila ba ta shigo ba sai Agustan 2019. A Kofin Duniya na Rasha a 2018 ne duniya ta gan shi sosai. Antoine Griezmann na Faransa ne ya fara cin gajiyarsa da fenareti a kan Ostireliya, kuma kafin a tashi gasar an ba da fenareti 29, adadin da ba a taɓa gani ba. Shugaban alƙalan FIFA, Pierluigi Collina, ya ce hukuncin da ya dace ya tashi daga kashi 95 zuwa 99.3 cikin ɗari. Masu Firimiya su ma suna cewa nasu ya tashi daga kashi 82 zuwa 96.

Duk wanda zai zagi VAR, in dai ɗan Najeriya ne da ya kai shekara arba'in, ya kamata a fara tuna masa ranar 13 ga Fabrairun 2000. Wasan ƙarshe na Kofin Afirka a filin Surulere da ke Legas, Najeriya da Kamaru. Samuel Eto'o da Patrick Mboma suka ci biyu, Raphael Chukwu da Jay-Jay Okocha suka farke, aka je bugun fenareti. Victor Ikpeba ya buga, ƙwallo ta daki turken sama ta faɗo bayan layi, ta yi tsalle ta fito. Alƙali Mourad Daami na Tunisiya ya ce ba ta shiga ba. Shi kansa Ikpeba hannu ya ɗora a ka. Masu kallo a gida suka ga maimaici, suka ga ƙwallo a ciki ƙuru-ƙuru, mutum ɗaya da ya kamata ya gani shi ne ba shi da hanyar gani. Rigobert Song ya buga ta ƙarshe, kofi ya tafi Yawunde. Irin wannan ce ta sami Ingila da hannun Maradona a 1986, ta sami Ailan da hannun Thierry Henry a 2009, ta sake samun Ingila da ƙwallon Frank Lampard a 2010.

Akwai ma wadda ta fi waɗannan muni. A Nuwamban 2016, a wasan neman gurbin Kofin Duniya tsakanin Afirka ta Kudu da Senegal, alƙali Joseph Lamptey ɗan Gana ya busa fenareti wai Kalidou Koulibaly ya taɓa ƙwallo da hannu, alhali gwiwarsa ta daka. FIFA ta bincika, ta same shi da laifin murɗe wasa, ta dakatar da shi har abada, aka sake buga wasan. Da akwai mutum na biyu a gaban allo a ranar, da wuya abin ya wuce minti ɗaya. Saboda haka idan na ji Baturen Ingila yana begen zamanin da, yana cewa kuskuren alƙali ma gishirin wasa ne, sai in ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wajenmu ba kowane kuskure ne kuskure ba.

To me ya sa gardamar ta ƙi mutuwa, har ma ta ƙara zafi?

A da, alƙali yana da uzuri guda da ke rufa masa asiri: bai gani ba. Ɗan wasa ya tare shi, ko abin ya faru a bayansa, ko ƙiftawar ido ce. Kana zaginsa, amma can cikin ranka ka san kai ma da kai ne haka za ta iya faruwa. VAR ya tsinke wannan uzurin. Yanzu ya gani, ya sake gani, ya gani ta gaba da ta baya, kuma ya yanke abin da bai yi maka ba. Me ya rage maka ka zarga in ba zuciyarsa ba?

Mun ɗanɗana wannan tun a Kofin Duniya na farko da aka yi da VAR. Ranar 26 ga Yunin 2018 a Saint Petersburg, Najeriya da Ajantina suna ɗaya da ɗaya, Messi ya ci, Victor Moses ya farke, kuma canjaras ya ishe mu mu wuce. Ahmed Musa ya kwaso ƙwallo ya jefa cikin da'ira, Marcos Rojo ya sa kai, ta zame ta daki hannunsa. Alƙali Cüneyt Çakır na Turkiyya ya je ya kalli allo, ya dawo ya ce a ci gaba. Mintoci kaɗan bayan haka Rojon nan dai shi ya ci ƙwallon da ta yi waje da mu. Kyaftin Mikel Obi ya shaida wa 'yan jarida cewa alƙalin ya amsa masa ƙwallo ta taɓa hannu, amma bai iya gaya masa dalilin hana fenareti ba. Masana doka suna da amsa: ƙwallon da ta fara dukan jikin ɗan wasa kafin ta zame zuwa hannunsa ba a cika hukunta ta ba. Amma da aka zo wasan ƙarshe, ƙwallo ta daki hannun Ivan Perišić na Kuroshiya a kusa da kusa, alƙali Néstor Pitana ya daɗe a gaban allo ya ba Faransa fenareti, babu masanin da zai iya zaunar da ɗan gidan kallo ya gamsar da shi cewa ba girman riga aka duba ba. Kyamara ta nuna hannu a duka biyun. Ko da gangan ne, ko hannun yana inda ya kamata ya kasance, wannan kyamara ba ta da ta cewa, sai mutum.

Turawan ma zargin ya kama su. A Afrilun 2024, bayan Everton ta doke Nottingham Forest, ƙungiyar ta fito fili ta ce an hana ta fenareti uku, kuma wai mai kula da VAR ɗin magoyin bayan Luton ne, abokiyar fafutukarta ta tsira daga faɗuwa. Hukumar ƙwallon Ingila ta ci ta tarar fam 750,000. Maganar da a da sai a teburin mai shayi ake jin ta, ga ta a bakin ƙungiyar Firimiya.

Abin da ya fi tona asirin "na'ura" shi ne na ranar 30 ga Satumban 2023, Tottenham da Liverpool. Luis Díaz ya ci ƙwallo, mai tuta ya ɗaga, wai satar gida. A ɗakin VAR, Darren England ya ja layi, ya ga Díaz bai yi satar gida ba ko kusa. Sai dai shi a zatonsa an riga an ba da ƙwallon a fili, don haka ya gaya wa alƙali Simon Hooper cewa an gama dubawa. Hooper ya ɗauka ana nufin tutar ta yi daidai, ya ce Tottenham ta buga. Daƙiƙoƙi kaɗan mai juya hotuna ya ankara, ya yi ta nanata cewa ai ƙwallo ce. Amma an riga an ci gaba da wasa, kuma ƙa'ida ta ce in an ci gaba ba a komawa. Hukumar alƙalai ta amsa laifi, ta saki muryoyin ɗakin kowa ya ji. Wanda duk ya saurara zai ji mutane ne cikin ruɗewa, suna katse juna, ɗaya yana zagin kansa. Layin ya fita daidai, kyamara ba ta yi ƙarya ba, kalma biyu ce aka faɗa ba a fahimta ba. Liverpool ta sha kashi da ci 2-1. Daga baya aka gano cewa kwana biyu kafin wasan, England da mataimakinsa suna Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna alƙalancin wani wasa.

Matsala ta biyu ta fi wannan wuyar sha'ani, domin a cikinta babu wanda ya yi kuskure. An kafa dokar satar gida ne don kada ɗan gaba ya je ya kafa rumfa a bakin ragar abokan hamayya yana jiran tsuntsu daga sama gasasshe. Mai tuta yana auna ta da ido, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Da aka kawo layi, sai doka ta koma awon gwal. A Nuwamban 2019 an soke ƙwallon Roberto Firmino a gidan Aston Villa, aka ce hamatarsa ce ta wuce. A Yuro 2024 an soke ta Joachim Andersen na Denmak saboda ɗan yatsan ƙafar abokin wasansa, kafin ya gama jimami aka kama shi da taɓa ƙwallo da hannu a ɗaya ragar, Jamus ta sami fenareti.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce ta Coventry. Ranar 21 ga Afrilun 2024 a Wembley, wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA, Manchester United ta ci uku da nema, ƙaramar ƙungiyar nan ta rukuni na biyu ta farke duka ukun. A minti na ƙarshe na ƙarin lokaci Victor Torp ya ci ta huɗu. Labarin da za a shekara hamsin ana bayarwa ke nan. Aka ja layi, aka ce ƙafar Haji Wright ta ɗan leƙa. United ta wuce da bugun fenareti. A rumfarmu 'yan United sun fi kowa yawa da surutu, amma ranar ko su murnar tasu a sanyaye ta fito.

Kuma awon kansa ba shi da tabbacin da ake nuna mana. Kyamarar da ke ɗaukar hoto 50 a daƙiƙa, idan ɗan wasa yana gudun kilomita 30 a awa, tsakanin hoto da hoto ya yi tafiyar da ta haura santimita 16. Wane hoto ne ainihin lokacin da ƙwallo ta bar ƙafar mai bayarwa? Mutum ne zai zaɓa. Ana yanke hukuncin santimita biyu da ma'aunin da zai iya kuskuren goma sha shida. Don toshe wannan ne FIFA ta kawo sabuwar fasaha a Katar a 2022: kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin fili suna bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa, ga kuma wata 'yar na'ura a cikin ƙwallon tana aika saƙo sau 500 a daƙiƙa. Minti uku da fara gasar ta soke ƙwallon Enner Valencia na Ekwado. Ita ce kuma ta tabbatar wa Vincent Aboubakar na Kamaru ƙwallonsa mai kyau a ragar Sabiya bayan an ɗaga masa tuta. Firimiya ta karɓi irinta a Afrilun 2025. Ta rage jira, ta rage ja-in-ja a kan layi. Tambayar da ba ta amsa ba ita ce ko ɗan yatsa ya kai a kira shi sata. Arsène Wenger, wanda ya koma aiki da FIFA, ya daɗe yana neman a juya dokar, a ce sai ɗan wasa ya wuce da duk jikinsa. Ko an yi haka layin yana nan, matsar da shi kawai aka yi, kuma wani zai faɗa bayansa da santimita ɗaya.

Tsananin bin harafin doka ya taɓa cizon 'yan matanmu. A Kofin Duniya na mata na 2019, a birnin Rennes, Wendie Renard ta Faransa ta buga fenareti ta daki turke ta fita. Aka duba allo, aka ce mai tsaron raga Chiamaka Nnadozie, yarinya 'yar shekara 18, ta ɗaga ƙafa daga layi kafin a buga. Ba ta ma taɓa ƙwallon ba. Aka ba ta katin gargaɗi, aka sake bugu, Faransa ta ci 1-0. Dokar ba ta fi makonni da fara aiki ba. Kwana shida bayan haka 'yan Kamaru suka kusa ƙin ci gaba da wasa da Ingila, bayan an soke ƙwallon Ajara Nchout.

Sai kuma abin da ba ya shiga lissafin kashi cikin ɗari. Ƙwallon ƙafa wasa ne mai rowar ci. Kana iya zama minti casa'in don daƙiƙa ɗaya, kuma wannan daƙiƙar ce ka biya kuɗin shiga dominta. Yanzu an sa mata sharaɗi. Ka tashi, ka tuna, ka waiwayi alƙali, ka koma ka zauna rabi-rabi. In an tabbatar bayan minti uku sai ka yi tafi kamar mai karɓar sakamakon jarrabawa. Mu da ke gaban talabijin ma da sauƙi, muna ganin abin da ake dubawa. Wanda ya sayi tikiti yana cikin fili shi ne makahon wurin. A Jamus a Afrilun 2018, 'yan wasan Freiburg sun riga sun shige ɗaki hutun rabin lokaci aka kirawo su su dawo a buga musu fenaretin Mainz. A Satumban 2020 an busa tashi a wasan Brighton da Manchester United, sannan aka dawo aka ba Bruno Fernandes fenaretin da ya ci wasan.

Wannan ne ya harzuƙa magoya baya a arewacin Turai. A Suwidin, inda doka ta ba mambobi rinjayen ƙuri'a a ƙungiyoyinsu, an ƙi VAR tun kafin ya shigo, hukumar ƙasar ta haƙura a 2024. A Norwe kuwa ya riga ya shiga, sai aka koma bore. Ranar 21 ga Yulin 2024 aka tashi wasan Rosenborg da Lillestrøm bayan kusan rabin awa, saboda 'yan kallo sun yi ta jifan fili da ƙwallayen tanis da wainar kifi. A Janairun 2025 ƙungiyoyin manyan rukunai biyu suka kaɗa ƙuri'a 19 da 13 a soke shi, amma babban taron hukumar ƙasar a watan Maris ya ce a bar shi, da ƙuri'a 321 da 129. A Ingila Wolverhampton ta kawo ƙudurin sokewa a Yunin 2024, ta tashi ita kaɗai, 19 da 1. Masu ƙungiya, waɗanda faɗuwa daga Firimiya ke jawo wa asarar miliyoyin fam, ba za su yarda kuskuren mai tuta ya kai su ƙasa ba. Mai tikiti kuma murnarsa yake nema. Kowa da abin da ya kawo shi filin.

A nahiyarmu gardamar tana da wata fuska, ta kuɗi da kayan aiki. Ranar 31 ga Mayun 2019 a Radès ta Tunisiya, wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Afirka, Espérance tana gaba da Wydad ta Maroko da ci ɗaya. Walid El Karti ya farke da ka, aka ɗaga tuta. 'Yan Wydad suka ce a je a duba allo. Allon yana nan a gefen fili, amma ba ya aiki. Suka ce ba za su buga ba, aka tsaya fiye da awa guda, har shugaban CAF na lokacin, Ahmad Ahmad, ya sauko fili. Daga ƙarshe alƙali Bakary Gassama na Gambiya ya busa, aka ba Espérance kofi. CAF ta ce a sake wasa, kotun wasanni ta duniya ta rushe wannan umarni, kofi ya zauna a Tunis. Rashin VAR gaba ɗaya bai kai munin a ce akwai shi alhali babu ba.

An ɗan gyara tun daga nan. A Kofin Afirka na 2019 a Masar an fara amfani da shi daga zagayen ƙungiyoyi takwas, a Kamaru kuma aka yi duka wasanni 52 da shi, sannan na Kwaddibuwa ya sha yabo har daga masu sharhi na Turai. Maroko da Masar sun sa shi a gasanninsu na gida. Amma VAR yana son kyamarori da yawa a kowane wasa, da wutar da ba ta ɗaukewa, da layin sadarwa mai ƙarfi, da alƙalan da aka horar aka ba su shaida. Wanda ya saba shiga filayen gasar cikin gida a Najeriya ko Nijar ya san inda muke. Alƙalin da ke tunanin yadda zai fita daga fili lafiya in ya busa wa masu gida fenareti, allo ba shi ne farkon buƙatarsa ba. Ka ma yi tunanin inda za a kafa allon, da wanda zai tsare shi yayin da yake kallo.

Ni ra'ayina, kada a soke shi, a ɗaure shi. Wanda ya ga Ikpeba da hannu a ka ba zai nemi a koma ba. Amma abin da aka kawo don kama ɓarawon sa ya koma farautar ɓarawon allura. In kuskure ya fito ƙarara, kallo biyu ya isa a gan shi. Duk abin da sai an shafe minti huɗu ana juya shi gaba da baya, to ba ƙarara ba ne, a bar hukuncin fili. Ƙa'idar da kanta ta ce a yi amfani da tafiyar hawainiya don gano inda aka taɓa, a koma gudun gaske don auna ƙarfin taɓawar, amma sau nawa ka ga an nuna wa alƙali hoto a tsaye, takalmi a kan ƙauri, kafin ya ga yadda aka kai ga haka? A tsaye kowace ƙafa ta mugu ce. Sannan a bar mutane su ji abin da ake faɗa a ɗakin nan yayin da ake faɗarsa, kamar yadda ake yi a wasan zari-ruga. An fara sa alƙali ya sanar da hukunci ta lasifika, kamar yadda aka gani a Kofin Duniya na mata na 2023, sai dai sanar da hukunci daban, jin yadda aka kai gare shi daban. Muryoyin ranar Díaz sun kunyata alƙalan Ingila, amma sun kashe zargin cewa da gangan aka yi.

Akwai wani tsari da FIFA ke gwadawa wanda ya fi kama hankalina, musamman saboda irin filayenmu. Babu ɗaki, babu mai leƙen kowane motsi. Koci ne ke da damar ƙalubalantar hukunci sau biyu a wasa. In ya yi daidai damarsa tana nan, in ya faɗi ta tafi. Alƙali ya je gefen fili ya kalla da 'yan kyamarorin da ake da su. An gwada shi a gasar mata 'yan ƙasa da shekara 20 a Kolombiya a 2024, da ta maza a Cile a 2025. Ba zai kama komai ba. Amma yana mayar da nauyin kan mai kukan, kuma kocin da ya ƙona damarsa a kan shirme ba shi da bakin zagin kowa bayan an tashi.

Kwanan baya da la'asar na tsaya kallon yaran unguwarmu a filin makarantar firamare. Raga duwatsu ne, ƙwallon ta sha ɗinki, rafarin wani yaro ne mai ciwon ƙafa da aka ba murfin biro ya riƙa busawa. Aka ci wata ƙwallo, gardama ta kaure, waɗannan na cewa ta bi ta kan dutse, waɗancan na rantsuwa ta ciki ta bi. Sai yaron ya ɗaga hannu, ya dafe kunne, ya zana akwati a iska. Duk suka yi shiru. Ya ɗingisa har jikin katangar aji, ya sunkuya, ya ƙura wa bulon siminti ido kamar minti guda, har da karkata kai. Ya dawo ya nuna tsakiyar fili, ƙwallo ta ci.

Golan da aka ci ya bi shi da gudu yana cewa a sake dubawa ta ɗaya gefen.